Haɗin Gajiyar Filibus

Filibus mutumin Pankshin ne, amma a unguwar Romi ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga bulo. Ba shi da surutu sai in ciwonsa na ƙwaƙwalwa ya motsa. Lokacin nan barci kan ƙaurace masa, ya yi aikin mutum uku, ya yi wa kowa alkawarin gina masa gida. Bayan 'yan makonni kuma sai ya kwanta ya fuskanci bango, ruwan wankan da matarsa Martha ta kai ya huce a bokiti. Haka yake hawa da sauka sau da yawa cikin shekara guda, har Alhaji Zakariyya'u, mai gidan bulon, ya gaji.

"Ina son aikinka, Filibus, amma ban san wanne daga cikinku zai zo mini da safe ba. In ka sake ɓacewa, zan ba wani injin bulon."

A asibiti aka ɗora shi kan wani magani, litiyam, aka ce ya yawaita shan ruwa, ya riƙa zuwa gwajin jini. An ƙara, an rage, kafin ya zauna masa. Damina ta wuce, rani ya wuce, bai yi fashi ba.

Da zafin bazara aiki ya yi yawa. Kamar sauran leburori, in an tashi sai ya biya kemis a ba shi haɗi, ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda babu suna. Shi bai ɗauke su magani ba. Ba a jima ba hannunsa ya fara rawa, ga amai, ga gudawa, yana tangaɗi kamar mashayi. Ya dawo gida ya wurgar da kwalin litiyam.

Ya ce wa Martha, "Abin nan zai kashe ni, Maman Faith."

"Tun bara kake sha bai kashe ka ba. Tashi mu je, ko in sa mai keke ya loda ka kamar buhun siminti."

A asibiti Sista Eunice ta tambaye shi ko yana shan wani magani bayan nasu. Ya ce babu.

Martha ta ce, "Haɗin fa, Baban Faith?"

"Wannan ai na gajiya ne."

Sista ta ce irin waɗannan ƙwayoyi kan hana ƙoda fitar da litiyam, ga zufa ta zuƙe masa ruwan jiki, shi ne ya taru a jini. Aka kwantar da shi, aka yi masa ƙarin ruwa, sai da jinin ya daidaita aka mayar da shi kan maganinsa.

Da ya koma aiki ya tarar da wani lebura, Jamilu, a kan injin. Alhaji bai janye maganarsa ba, amma ya miƙa masa tiyo.

"Ka riƙa ba bulo ruwa. Kai ma ka sha, matarka ta ja mini kunne."

Ladan bai kai na da ba. Filibus ya dubi injin, ya naɗe ƙafar wando, ya kunna famfo.