Tukunyar Irin Joghi

A ƙauyensu, can saman duwatsun Nilgiri, Joghi ne na ƙarshe da ke shuka alkamar samba, jar nan wadda ba ta rabuwa da rigarta sai ta sha taɓarya. Maƙwabta sun daɗe da tuge tasu sun dasa shayi. Shi ya riƙe 'yar gonarsa a kafaɗar tudu, inda hazo ke zama kamar baƙon da ba ya gaggawa.

Maƙwabcinsa Belli yakan ce, "Kai dai jakin dutse ne, Joghi. Shayi ya yi mini rufin kwano."

"To, dafa kwanon ka ci mu gani."

Kowace kaka yakan ware iri da rigarsa, ya cuɗa shi da toka, ya liƙe bakin tukunya da laka, ya ɗora a saman ɗaki. Haka uwarsa ta koya masa: ƙwayar da taɓarya ta taɓa ba ta tsira.

Wata shekara ruwa ya yi yawa, gonar ta kwanta ta ruɓe. Tukunyar bara kaɗai ta rage, ita ma rabi. Sai zazzaɓi ya kayar da shi. 'Yarsa Michi ta hauro daga birni ta same shi ya zama ƙashi. Shinkafa ya tofar, madara ta dawo, har kwana shida. Ta tuna cewa tana yarinya da kunun samba ake tayar da majinyaci. Ta bi gida gida, babu ko cikin cokali. Ta tsaya ta daɗe tana kallon saman ɗakin.

Da ta kawo masa kunu, kurɓa ɗaya ya yi ya gane ɗanɗanon.

"Michi, ina kika samo?"

"Sha, Baba."

"Duka kika surfa?"

"Duka. Zai kai mu mako."

"Irin kakarki ne, 'yar nan. Babu shi ko'ina."

"Na sani. Uba ma ɗaya gare ni."

Ya dubi ƙoƙon. Zubar da shi ba zai mayar wa ƙwaya rigarta ba. Ya shanye, ya suɗe da yatsa.

Ya ƙara shekara huɗu a duniya. Ya hana a dasa shayi a gonar. Duk lokacin shuka yakan ɗauki fartanya ya hau tudu, ya gyara kunyoyi tsaf, ya zauna a bakinsu har hazo ya rufe shi.