Yayana Mai Naɗin Waya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, aka kira ni daga filin tsoffin ƙarafa inda kake aiki, aka ce in bar ɗinkin da nake yi in zo maza. Kafin in isa, Yaya, rai ya yi halinsa.

Tun muna yara hannunka ba ya rabuwa da waya. Da na buɗe shagon ɗinki, ka tarar da ni durƙushe ina laluben allurai a ƙasa. Ka naɗa wayar jan ƙarfe a jikin ƙusa, ka haɗa ta da batir, sai ga ƙusa ta zama maganaɗisu tana tsince mini su. Na yi ta wasa da ita har ta ƙona mini yatsa. Ka yi dariya ka ce, "Auta, wuta in ta daɗe tana bin waya sai ta yi zafi. Ki riƙa barin ta ta huta, ita ma baiwar Allah ce."

Tausayi ne ya sa ka ƙera babban maganaɗisu irinsa. Ka ga abokan aikinka suna dakon ƙarfe zuwa mota har bayansu ya fara sankarewa, musamman dattijon nan da kuke kira Baba Mai Sikeli. Ka yi makonni kana naɗi, ka rataye abin da sarƙa, ya riƙa ɗaga abin da ƙarti huɗu ba sa iyawa. Suka sa maka suna Injiniya. Amma hankalinka bai taɓa kwanciya da shi ba. Ka sha faɗa mini cewa wayar ta yi siranta, naɗin kuma ya yi kauri, zafin da ke can ciki ba ya samun hanyar fita. Ka kafa masa fanka, ka hana a matsa masa.

Ranar nan kana can gefe kana walda, direban motar da ake wa lodi na ta sauri, aka hana maganaɗisun hutawa, ana ta cewa saura kaɗan. Kai ka fara jin ƙauri. Ka taho a guje kana cewa kowa ya kauce, ga Baba a ƙarƙashin kan injin tirela da maganaɗisun ya ɗaga, yana daidaita shi. Ka hankaɗe shi. A lokacin shafen jikin wayar ya narke, wayoyin suka haɗe, maganaɗisun ya saki kayan a kanka.

Jiya na je kwaso kayan aikinka, na tarar sun sake naɗa maganaɗisun da irin wannan siririyar wayar, yana lodi. Na tuna musu abin da wayar nan ta yi maka. Baba ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "'Yata, mun sani. To mu ci da me?" Na kwashi kayanka na tafi, kuma har yanzu abin yana cin raina.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya karɓi shahadarka, Ya sanyaya makwancinka. Allah Ya ba Inna haƙuri, da matarka, da 'ya'yanka da har yanzu suke leƙa ƙofa in sun ji ƙarar babur. Waɗanda ka bari a filin nan kuma, Allah Ya tsare su, Ya mayar da kowa gidansa da ƙafafunsa. Amin.