Saƙon da Na Haɗiye a Bargar Madam

A gidanmu na unguwar Harlem, can ƙasar Turawa, babu murhu, babu tsakar gida. Abin da muke da shi wani tsohon ƙarfen ɗumama ɗaki ne a ƙarƙashin taga, mai huci da ƙwanƙwasa kamar ana dukansa da cokali daga ciki. Gefensa Kaka ta mayar wurin zamanta tun da Baba ya ɗauko ta daga Maraɗi don ta riƙa kula da mu. Lokacin sanyi, kafin ƙarfe biyar gari ya rufe. Tana sallame Magariba sai ta lulluɓe ƙafafunta da bargo, ta ɗora kwanon gyaɗa a kan ƙarfen don ta yi ɗumi, ta kira ni da ƙanwata Nana. Mama tana shagon kitso a titi na 116, ba ta dawowa sai bayan Isha'i. Wannan ɗan tsakanin namu ne mu uku.

"Ga baƙuwa bakin ƙofa," haka take fara tatsuniya. "A buɗe mata?"

Ni in ce a buɗe. Nana kuwa da Turanci take amsawa, Kaka ta harare ta, ta ci gaba. Mun ji ta kura, mun ji ta aljanar rijiya, mun ji waɗanda na tabbata nan take ta ƙirƙire su don ta ga mun ƙi cin tuwo. Sunanta na ci, don haka takwara take kirana. Yawancin tatsuniyoyin sun gauraye mini yanzu. Guda ɗaya ce ta tsaya daram, ta hunturun 2012, ina da shekara goma sha ɗaya, kuma da ina da iko da ita na fara mantawa.

Baba ya daɗe yana tallar jakunkuna a Canal Street kafin ya samu aiki a wata makarantar koyon hawan doki, can nesa, inda sai ka sauka daga jirgin ƙasa ka hau bas. Shi ke share barga, ya ba dawakin abinci, ya ɗaura musu sirdi. Mai wurin wata Baturiya ce mai fara'a, Baba na kiranta Madam. Ta ba shi dama in riƙa hawa kyauta awa ɗaya duk Asabar. Ba ni da abin da nake so a duniya kamar awar nan. Sauran 'yan matan takalmansu sabbi ne, ni hular kwano ma ta aro ce, amma da na hau sai in ji tsawonmu ɗaya.

Ginin tsoho ne, na jan bulo, hawa biyu, da can ɗakin ajiye kaya ne. Ƙasa aka zuba yashi aka mayar filin koyo, a rufe ruf. Dawakin suna sama, ta wani gangaren katako ake hawa da su. Kowane doki yana cikin wani lungu, a ɗaure, fuskarsa ga bango. Ba ya iya juyawa, ba ya iya miƙewa ya kwanta, ba ya ganin na kusa da shi. Tagogin an buge su da ƙusa. Busasshiyar ciyawa tana jibge a saman kawunansu, ƙurarta na sauka a hankali. Ni na ɗauka haka gidan doki yake ko'ina, don ban taɓa ganin wani ba.

Nawa dokin ja ne mai haƙuri, sunansa Biskit. Yakan yi tari idan ya fara sassarfa. Mai koya mana ta ce gyaran murya yake yi, muka yi dariya.

Kaka ce ta matsa sai ta je ta ga takwararta a kan doki. Mahaifinta mai maganin dawaki ne a ƙauyensu, da ƙwaryar jiƙo a hannu ta girma tana biye da shi. Duk hanya tana dariyar sunan. "Doki guda, a ce mai Biskit? Ba su da kunya."

Dariyar ta tsaya a rabin gangaren. Zarnin fitsari ya tare ta, ta ja mayafi ta toshe hanci, idanunta na ruwa. Ta bi lungunan ɗaya bayan ɗaya. Wani baƙin doki yana ta lilo da kai, dama, hagu, dama, hagu, ba ya tsayawa. Wani ya kama katakon gabansa da haƙori yana haɗiyar iska, har ya cinye gefen katakon. Ta duƙa ta taɓa ƙafar wani, ta kumbura kamar turmi. Da ta iso kan Biskit sai ta matsa cikin lungun, ta manna kunnenta a haƙarƙarinsa, ta daɗe. Ta nuna mini cikinsa, yadda yake matsa shi sau biyu kafin numfashi ɗaya ya fita.

Nan Madam ta same mu. Ta yi murna da ganin Kaka, ta tambaye ni da Turanci yadda tsohuwa ta ga dawakinta.

"Mi ta ce?" in ji Kaka. Na gaya mata.

"To hwaɗa mata, takwara. Dokin ga ƙirjinai ya lalace, ƙura da zarni sun gama da shi. In ba a hidda shi waje ba, ba ya ganin wata shekara. Ta buɗe tagogin ga. Ta sake su su yi burgima, su shinshini juna. Ko ɗan kaso ana hidda shi ya sha rana. Hwaɗa mata yadda na ce, kada ki rage."

Na dubi Baba. Yana tsaye da shebur a hannu, idonsa a ƙasa. Na dubi 'yan matan, biyu daga cikinsu sun tsaya suna kallon zanen Kaka da silifas ɗinta da safa. Na tuna aikin Baba, na tuna Asabar ɗina. Ban ma yi dogon tunani ba, bakina ya buɗe da kansa. Na ce wa Madam kakata ta ce dawakinta suna da kyau, sun tuna mata da gida.

Madam ta dafe ƙirji don jin daɗi. Ta rungumo kafaɗar Kaka, ta sa aka ɗauke su hoto. Kaka ba ta jin Turanci ko kalma goma, amma ta san ba a gaya wa mutum dokinsa zai mutu ya yi irin wannan murmushin. Ta kalle ni sau ɗaya. Da na hau Biskit na zaga filin, ba ta ɗaga kai ba.

Da yammar nan bayan Magariba na so in fake da aikin makaranta. Ta kira ni. Babu gyaɗa a kan ƙarfen.

Ta ce an yi wani attajiri mai doki wanda babu irinsa a ƙasar. Don tsoron ɓarayi ya gina masa ɗaki mai kaurin bango, babu taga, sai wata 'yar kafa a sama. Yana ba shi gero da dusa da kanwa, komai sai wanda ya fi kyau. To akwai wata balbela da ta tashi tsakanin dabbobi da mutane, tana jin maganar kowa. Ita ke shiga ta kafar nan ta fito. Kullum da safe attajiri sai ya zuba mata fara cike da tafin hannu, ya ce, "Balbela, me dokina ya ce?"

Ran farko doki ya ce, "Gaya masa ƙirjina ya cushe, ina son iska." Balbela ta tuna farar nan, ta tuna attajiri ba ya son a kushe gininsa. Ta fito ta ce, "Ya ce ya gode."

Bayan wata guda doki ya ce, "Gaya masa ƙafafuna sun kumbura, ina son in taka ƙasa in ga 'yan uwana." Ta fito ta ce, "Ya ce ya gode."

Karo na uku ta shiga, doki bai ce komai ba, kai kawai yake kaɗawa. Ta fito ta ce, "Ya ce ya gode ƙwarai."

Rannan maciji ya sari 'yar attajirin, ita kaɗai gare shi, mai magani kuma yana hayin kogi. Ya buɗe ɗakin da gudu ya ɗaura sirdi. Doki ya fito, rana ta soke masa ido. Ya yi ƙoƙari, don doki ba ya ƙin ubangidansa. Bai kai ƙofar gari ba ya durƙushe, bai ƙara tashi ba.

"Shi ya sa," in ji Kaka, "har yau in kin ga balbela, bayan dabbobi take bi, kai sunkuye. Tana jin duk abin da suke cewa. Ba ta ƙara buɗe baki ba."

Nana ta tambaya da Turanci ko yarinyar ta mutu. Na fassara wa Kaka.

"Tambayi yayarki," in ji Kaka. "Baƙuwa ta tashi. A rufe ƙofa."

Ba ta ƙara tada maganar ba, ni ma ban ba ta haƙuri ba. Tatsuniya ta ci gaba, amma Nana take kallo idan tana yi. Da bazara ta shigo tarin Biskit ya kai ba ya iya zaga filin sau biyu. Wata Asabar na tarar da wani doki a lungunsa. Aka ce mana an kai shi gona ya huta. A bas na tambayi Baba wace gona, ya ce in bar maganar, kasuwar gwanjo aka kai shi, kuma doki mai irin wannan ƙirjin ba don hawa ake sayensa ba. Daga ranar na daina zuwa. Na ce karatu ne ya yi mini yawa.

Bayan shekara uku Kaka ta ce sanyi ya ishe ta, ta koma Maraɗi. Can ta rasu. Ban samu zuwa ba.

Na girma da tabbacin ni na kashe dokin nan. Ina jami'a ma nakan zauna in karanta abin da likitocin dabbobi suka rubuta, in ga duk abin da Kaka ta faɗa yana nan: ƙura da zarni a rufaffen wuri suna lalata huhun doki, tsayuwa wuri ɗaya tana kumbura ƙafa, kaɗaici ke sa shi lilo da cizon katako. Kuma wanda aka fitar da wuri, aka bar shi a fili, sau da yawa yana samun sauƙi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai.

Ina da shekara goma sha takwas na gaya wa Baba. Ya bar aikin tuni, yana tuƙin motar haya. Muna cikin motar, ya tsaya a gaban wani shagon 'yan Nijar zai sayi gero. Na ce, "Baba, ka tuna ranar da Kaka ta je barga? Ban faɗi abin da ta ce ba."

"Na ji ki ai," in ji shi. "Ina tsaye."

"Da na faɗa, da wataƙila…"

Ya kashe motar. "Ke, saurara. Ni da bakina na gaya wa Madam, sau uku, tun kafin Inna ta zo ƙasar ga. Likitan dawakin ya gaya mata a gabana. Ta ce in an buɗe tagogi bututun ruwa zai daskare, maƙwabta kuma za su kai ƙarar wari. Ta ce fili a garin nan ba na doki ba ne. Tana jin tarin nan kullum daga ofishinta. Mi za ki gaya mata da ba ta sani ba?"

Na ce me ya hana ya faɗa wa Kaka haka a ranar.

Ya zare makullin motar. "In ce wa mahaifiyata na yi magana sau uku, an dube ni kamar shebur ɗin da ke hannuna? Ta ɗauka ni wani ne a wurin." Ya buɗe ƙofa, ya tsaya. "Da kika yi ƙaryar nan, daɗi na ji. Allah ya yafe mini."

Na zaci wannan magana za ta sauke mini kaya. Ba ta sauke ba, ta canza masa mazauni ne kawai. Dokin zai mutu ko na faɗa ko ban faɗa ba. Wadda na cuta Kaka ce, da ta ba ni amanar bakinta a ƙasar da ba ta da baki, na sayar da ita a kan awa ɗaya ta Asabar. Baba kuma ya bar ni da laifin shekara bakwai don kada girmansa ya zube.

Ita tatsuniyar ma yanzu ina jin haushinta. A duniyar Kaka, attajiri yana cutar dokinsa ne don ba a gaya masa ba. Ba ta da tatsuniyar da balbela za ta faɗi gaskiya tsaf, attajiri ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, sannan ya mayar da kwaɗo ya kulle. Wannan ita ce ta garin da na girma, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya ba ni ita. Kaka ta shiga kabari tana zaton saƙo ne bai isa ba. Wani lokaci ina ganin gara da ta tafi a haka.