Anti Kati da Bazawarar Talabijin

A ƙaramin asibitin unguwar kowa Anti Kati yake ce mata, don ita ke zama a taga tana yankar wa marasa lafiya kati. Mace ce mai kamun kai, magana ma sai ta kama. Tun da aurenta ya mutu ta kama hayar ciki da falo a bayan kasuwa, ita da 'yarta tilo, mai sunan mahaifiyarta, wadda take kira Mamana. Tsohon mijin yana rubuta wasanni a gidan talabijin. Duk ƙarshen mako yakan aiko mota ta ɗauki yarinyar.

A ɗakin jiran asibitin akwai talabijin a manne da bango. Nan ta fara ganin sabon wasan barkwancinsa, labarin wata bazawara mai shirme. Da fari ba ta damu ba. Sai ran nan bazawarar ta sayo takalmin maza na gwanjo ta ajiye a bakin ƙofa, wai don a ɗauka da namiji a gidan. Ɗakin jira ya kece da dariya, har wani tsoho mai tari ya ƙware. Anti Kati kuwa ta ajiye biro a kan katin da take rubutawa. Ita ma tana da irin takalmin nan, kuma bayan rabuwarsu ta saye shi, sa'ad da wani ya riƙa ƙwanƙwasa mata tagar ɗaki da dare.

Mako na gaba aka nuna bazawarar tana hira da rediyo. Na gabansa kuma tana kuka a banɗaki ta saki famfo don kada a ji. Maƙwabta suka gane. Mai shagon bakin layi ya fara tambayarta lafiyar maigida, ko har yanzu bai fito ya sa takalminsa ba.

Ta zaunar da 'yar, ta tambaye ta a hankali wa ke kai wa babanta labari. Yarinyar ta daɗe tana murza bakin zanen gado.

"Umma, in na je ba ya ɗago kai daga waya. Sai in ina ba shi labarinki yake kallona."

Ba ta yi mata faɗa ba. Ta kira shi, ya ce ai bai ambaci sunan kowa ba, kuma mutane na son matar wasan. Daga nan ta shiga taka-tsantsan a cikin ɗakinta kamar baƙuwa. Ta zubar da takalmin, ta kashe rediyo, kuka ma ta daina. Su ci abinci shiru, su kwanta shiru.

Yarinyar ta rasa abin kaiwa. Motar ta fara latti, daga baya ta daina zuwa. Duk da haka kowane ƙarshen mako sai ta haɗa jaka ta zauna a bakin ƙofa har rana ta faɗi, ta rame, ta daina cin abincin kirki.

Wata safiya Anti Kati ta tsaya a kanta da tsintsiya a hannu.

"Mamana, kira babanki. Ki ce masa jiya na yi kwalliya na je ɗaurin auren wata don a gan ni, na zame na faɗa kwata."

Ba ta je ko'ina ba jiyan, yarinyar ma ta sani. Amma ta ɗauki wayar. Kafin azahar mota ta iso.