Na Bi Rabon Riba, Na Manta da Uwar Kuɗi

A lokacin da abin nan ya faru, ni ce shugabar matan unguwarmu masu turara shinkafa a Kura. Mijina ya rasu ya bar ni da yara da 'yar gona a bakin kanal. Da kaka mukan haɗa kuɗi mu sayi shinkafa shanshera da araha, mu turara, mu kai inji, mu sayar. Kuɗin a hannuna suke kwana, don matan sun yarda da ni.

Ƙanin mijina, wanda ke aiki a birni, shi ya fara gaya mini labarin wani asusun zuba jari. Ya ce suna sayen hannun jarin manyan kamfanoni, suna raba wa mutane riba, kuma rabon yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Na tambayi malaminmu, ya ce in dai ba kuɗin ruwa ba ne, babu laifi. Na fara sa nawa. Da alat na riba ya shigo wayata sau biyu, sai zuciyata ta ce me zai sa kuɗin mata su zauna a banza kafin kaka. Ban shawarci kowa ba, na zuba su duka. Ƙanin mijin nawa ya taɓa cewa in riƙa duba farashin jarin kansa, na ce masa ni dai in rabo yana zuwa, ai lafiya ke nan.

Kaka ta zo, shanshera ta cika kasuwar Bunkure, mata suka fara sallama a gidana. Na tafi ofishin masu asusun a birni in cire kuɗi. Ma'aikaciyar ta juyo mini da kwamfuta, ta nuna mini wani layi da ya daɗe yana gangarowa. Ta ce kasuwa ta faɗi, in na sayar yanzu, abin da zan karɓa bai kai abin da na zuba ba, ko an haɗa da duk ribar da na ci. Ta ce ba damfara ba ce, irin wannan jari na mai iya jira ne. Na durƙusa ina roƙonta da Allah da Annabi, ta ce Hajiya, ba a hannunta yake ba. Na fito ban san inda na jefar da takalmina ɗaya ba.

Kullum farashin buhu na hawa, ni kuwa ina yi wa mata ƙarya cewa banki ne ya riƙe. Wata dattijuwa a cikinmu, wadda da wannan sana'a take ciyar da jikokinta marayu, ta zo ta zauna a zaurena. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi tukunyarta ta huce. Ranar na sayar da jarin a kan asara, na jinginar da gonar yarana, na tara matan na faɗi gaskiya. An biya kowa, amma an cire ni daga shugabanci, kuma har yau gonar tana hannun wani.

Na gane rabon riba ba shi ke nuna lafiyar jari ba. Duk mai son shiga, ya tambayi yadda farashin ya hau ya sauka a shekarun baya, ya kuma tambayi kansa ko zai iya jira. Kuɗin da za a nema da kaka, ko kuɗin amana, kada a kai su can. Ni yanzu lada ake biyana ina turara shinkafar wasu.