Malamar da ta sa Auta ƙwace min almakashi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata tara ga wata, ina kan keken ɗinki ina haɗa hannun riga, 'yata Auta ta shigo ko sallama babu, ta zube a ƙasa. Da ƙyar na gane abin da take faɗa, wai Malamarsu ta lissafi ta rasu da safen nan.

Malama, ni karatuna bai yi nisa ba, yadda ya zo bakina haka zan rubuta. Ke mutuniyar kirki ce, kowa ya shaida. Yarinyar da sai na ɗauko bulala take fita makaranta, ke kika mayar da ita mai riga maigadi isa bakin ƙofa. Na gode. Amma fa Malama kin tsaya min a rai.

Tun bara gidan nan ba a jin komai sai "Malama ta ce". Ina tsakiyar yanka yadi za ta fizge almakashin ta wage shi, "Umma kalli, layi biyu ne suka gitta juna. Kusurwar sama da ta ƙasa daidai suke, ko ki buɗe ko ki tsuke. In kuma kika haɗa ta sama da ta gefe, ɗari da tamanin cif." Na ce to ɗari da tamanin, ba ni abina mai riga na jira. Tun kafin a haife ta almakashin nan yake hannuna, bai taɓa burge ta ba sai da kika ɗaga irinsa a aji.

Da ta zo ta ɗaya, gidanki ta fara kai albishir, ni a bakin maƙwabciya na ji. Da zazzaɓi ya kwantar da ita ni na yi jinya har idona ya faɗa, ke kika leƙo da lemo a leda. Har yau labarin lemon nan ake min.

Da kika rasu ta daina cin abinci, ta ce ita da makaranta an gama, ga jarrabawar fita ta matso. Na lallashe ta, na yi kuka, babanta ya yi faɗa, ko gezau. Sai da muka je gidanki gaisuwa, maigidanki ya miƙo mata robar nan da kike auna kusurwa da ita, har gefenta ya tsage, ya ce, "Riƙe, kullum zancenki take." Washegari na tarar tana goge kayan makaranta. Hawayena bai tashe ta ba Malama, tsagaggiyar robarki ta tashe ta. Na yi hamdala, amma abin ya ci ni.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa abin da kika koya wa 'ya'yan mutane ya bi ki da lada. Maigidanki da yaranki da iyayenki, Allah ya ba ku haƙuri. Ni kuma ranar da tawa ta zo, Allah ya sa Auta ta yi min ko rabin kukan da ta yi miki.