Ɓerayen da Na Kai wa 'Yata

A da, idan bakin mutum ya kama motsi shi kaɗai a Kura, sai a ce iska ce, a nemo hayaƙi. Yanzu wasu kan fara tambayar wane magani yake sha. Ranar da na koyi wannan tambayar ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Maiɗakina ta daɗe tana shan maganin asibitin ƙwaƙwalwa, kuma ya karɓe ta. Kwatsam bakinta ya fara tauna ba komai a ciki, harshe na leƙowa. Ta daina zuwa suna da biki, ta ce ita kam za ta ajiye maganin. Na yi fataucin albasa har Kumasi da Abijan, na zauna a Sudan, amma ko da Larabci ko da Faransanci ban taɓa jin sunan wannan ciwo ba.

'Yarmu mai karatun haɗa magunguna a Kano ta ce mini a waya maganin ne ke jawo shi, kuma tana gwada wata kariya a kan ɓeraye. Ɓeraye? Mu da suke cinye mana shinkafa tun tana gona! Na sa maƙwabtana na bakin ruwa suka ɗana tarko, muka tara masu rai manya-manya, na zuba a kejin kaji na hau mota sai wurinta a Kano.

"Baba! Mene ne wannan?"

"Kayan aiki na kawo miki. 'Yan Kura ne, ƙosassu."

Ta yi dariya har da hawaye. "Ko ƙofa ba za su shiga ba. Namu an san iyayensu, an san abin da suke ci."

Ta sa na leƙa ta gilashi. Ga su farare tas, wasu suna ta tauna ba komai a baki, sak uwarta.

"Su ma ya kama su?"

"Ni na ba su maganin, Baba."

"Da gangan?"

"Da gangan. Waɗancan kuma na haɗa musu da kariyar. Duba, ba sa yi sosai."

"To, ki ba uwarki mana!"

"Ban san me zai yi wa hantar mutum ba tukuna. Ɓera ba Umma ba ne."

Kaina ya kulle. An sa ciwo da hannu, ga sauƙi ina gani da idona, an ce kuma ba a shirya ba. Har na iso gida ban warware ba.

Ita ta zo ta kai uwarta wurin likita, ya canza mata wani magani. Taunar ta ragu, ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma maiɗakina ba ta ajiye shan magani ba. Tun daga nan a gidana ba a daina magani ko a fara sabo sai likita ya sani.